Amsoshin tambayoyinku: Na sayi gem saboda labarinsa, ƙarshen ya raina min hankali

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: wasannin kwamfuta da na PlayStation da ake bugawa don bin labari, ba don cin ƙwallo ko harbi ba. Na zaɓi huɗu. Gargaɗi tun yanzu: amsa ta farko da ta biyu za su taɓa ƙarshen Heavy Rain da na Life is Strange. Wanda bai buga su ba kuma yana da niyya, ya tsallake zuwa ta uku.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a Zariya:

"Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ina da PS4 ɗan kwatano, ƙwallo kawai nake bugawa. Wani abokina ya dame ni da zancen Heavy Rain, wai kamar fim ne amma kai ke tuƙa shi. Na tara kuɗi na sayi faifansa na hannu. Tun daga farko tafiya ma ta gagare ni, sai na danne maɓallin R2 kafin mutumin ya taka, in na so ya shiga ƙofa sai ya nufi bango. Na daure har ƙarshe don ina son sanin mai sace yaran. Da aka bayyana shi sai na ji an raina min hankali. Yanzu ina so in sayar in sayi Detroit: Become Human, sai kuma aka ce min kamfani ɗaya ne ya yi su. In saya, ko in koma ƙwallona?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ƙorafi biyu ka kawo a ƙunshi ɗaya, kuma zan raba su, domin ɗaya ana iya gano shi kafin kuɗi ya bar aljihu, ɗayan kuwa sai an gama cin tuwon ake sanin akwai tsakuwa a ƙasan kwano.

Batun tafiya tukuna. Hannunka lafiyarsa ƙalau, haka aka ƙera wasan. Kamfanin Quantic Dream da ke birnin Faris ya fitar da shi a 2010 a kan PS3, aka maido shi PS4 a 2016 da tsarin tafiyar nan yadda yake. Marubucinsa David Cage so yake wasan ya yi kama da fim, don haka kyamara ba ta bin bayan mutum kamar yadda aka saba, tsalle take yi daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan. Da zarar ta yi tsalle, inda yake gabanka ɗazu ya koma hagunka. Maganin da suka kawo shi ne su mai da mutum kamar mota: R2 totur, sandar hagu, wadda 'yan gem ke kira analog, ita ce sitiyari. A takarda dabara ce. A hannu kuwa, uba mai neman ɗansa cikin tashin hankali sai ya koma kamar mai koyon tuƙin a-kori-kura a lungu. Kai da ka saba da ƙwallo, inda ɗan wasa ke juyawa tun kafin ka gama tunani, dole abin ya fi yi maka ciwo.

Da ka tambaye ni tun kana tsakiya, da na ce ka daina murza sandar gaba ɗaya. Ka riƙe R2, ka ɗan taɓa ta kaɗan-kaɗan, in kyamara ta ɓoye maka ƙofa ka danna L1 ta sauya kusurwa. Kuma wasan yana da matakan wahala uku, gwargwadon yadda mutum ya saba da fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasan. Babu abin kunya a zaɓar na ƙasa. Ba gasa ake yi ba.

Sai ƙarshen, kuma a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ƙarshe mai ɗaci daban, ƙarshe na algus daban. Mai ɗaci shi ne wanda bai yi maka daɗi ba amma in ka waiwaya ka ga hanyar can ta nufa tun farko. Na algus shi ne wanda mai labari ya ɓoye ƙwarya a bayansa ya ce maka hannunsa babu komai. Heavy Rain ya ba ka mutum huɗu ka riƙa juyawa: uban yaron, 'yar jarida, jami'in FBI da mai bincike mai zaman kansa. Ya kuma ba ka maɓallin L2, wanda in ka danne kake jin abin da kowannensu ke saƙawa a ransa. Wannan alkawari ne: abin da ke cikin kan mutumin nan, kai ma ka sani. Sai ga shi mai kisan, wato mai sace yaran, yana cikin huɗun, ka kwashe awanni kana sauraron zuciyarsa, zuciyar kuma tana magana kamar ta mai neman mai laifi. Mutum zai iya yi wa duniya ƙarya. Amma ya zauna shi kaɗai yana yi wa kansa ƙarya a zuci don kawai kada mai riƙe da fad ya gane? A nan marubucin ne ya yi ƙaryar.

Ka tuna shagon tsohon nan mai gyaran agogo da kayan da? Kai ne riƙe da mai kisan a wurin. Kyamara ta ɗan kauce na 'yan daƙiƙoƙi, aka dawo, tsoho ya mutu, mutuminka yana mamaki tare da kai. Sai a ƙarshe aka nuna maka wai a ɗan tsakanin nan ya aikata. Ko a tatsuniya, in Gizo zai yi ƙeta, mai ba da labari yakan bar masu sauraro su ga ƙetar. Ƙoƙi ake ɓoye wa, ba yaran da ke zaune a tabarma ba.

Akwai kuma suman da uban yake yi, ya farka a wani titi da naɗaɗɗiyar takarda a hannu irin wadda mai kisan ke barin wa gawa. An gina rabin farkon wasan a kan wannan, sannan aka watsar da shi ba bayani. Dalilin sananne ne, don kamfanin da kansa ya fitar da bidiyon abubuwan da aka yanke: da farko an tsara wata alaƙa ta ruhi tsakanin uban da mai kisan, da mafarkai na cikin ruwa, sai aka cire su kafin fitowar wasan saboda ba a son abin ya karkata zuwa tsafi. Aka cire amsar, aka bar tambayar. Abin da ka ji a ranka ke nan, kuma ba kai kaɗai ba ne.

Duk da haka kar ka yi gaggawar kai faifan kasuwa. Na farko, duba kwalin. Wanda aka fitar a Turai a 2016 don PS4 ya haɗa Heavy Rain da Beyond: Two Souls, wani wasan kamfanin na 2013. In shi ke hannunka, akwai wasa guda cur da ka biya ba ka taɓa ba. Na biyu, abin da Heavy Rain ya iya da gaske ba sirrin mai kisan ba ne. Wasu daga cikin huɗun za su iya mutuwa labari ya ci gaba ba tare da su ba, kuma akwai wurin zaɓar babi. Koma babukan ƙarshe, ka bar wanda ka ceta ya mutu, ka ceci wanda ka rasa, ka ga yadda makoma ke sauyawa. Yamma ɗaya ta isa. Sannan ne za ka ce ka ci kuɗinka.

Detroit kuwa, ka saya, amma bayan ka ɗanɗana. An fitar da shi a 2018, kuma shekaru takwas ɗin da ke tsakani sun nuna. Tafiya da sandar hagu ce kawai kamar kowane wasa, babu totur. Bayan kowane babi ana shimfiɗa maka taswirar rassan labari, ka ga inda ka bi da kuma ƙofofin da ka bari a rufe, wato ba a ce maka "zaɓinka na da tasiri" da baki kawai ba, ana nuna maka. Yana da ɗanɗano na kyauta, abin da ake kira demo: babin farko, inda mutum-mutumin nan Connor ke ƙoƙarin karɓo yarinya daga hannun wanda ya yi garkuwa da ita a saman bene. Sauke shi da datar dare, ka buga sau biyu. In hannunka ya karɓa, to sauran ma haka suke.

Abin da ba zan ɓoye maka ba: alƙalamin David Cage ne dai. Labarin yana faruwa a 2038, mutum-mutumi na neman 'yanci, kuma yadda aka ɗora shi a kan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, har da tsayar da su a bayan bas, ya yi kauri da yawa, an kuma sha sukarsa a kai. Akwai wata bazata a ɓangaren Kara, ɗaya daga cikin mutum-mutumin da ake juyawa, da ta ɓata wa mutane da dama rai. Amma ba ta kai algus ɗin da aka yi maka ba. Ka nemi faifai na hannu, ko ka yi musanya da naka ka cika kuɗi. Kar ka biya ƙari don bugun intanet na musamman, kyautar da ke cikinsa har da Heavy Rain ɗin da kake neman rabuwa da shi.

Ta biyu, daga wata ma'aikaciyar jinya a Kaduna:

"Na sayi Life is Strange a Steam, nake bugawa a laftof bayan na taso aiki. Kashi biyar na gama. Tun farko ana ce min duk abin da na zaɓa zai yi tasiri, na riƙa zama ina tunani kafin in amsa kowace magana. A ƙarshe sai aka ce in zaɓi ɗaya cikin biyu kawai, ko garin ko ƙawar. To duk wahalar baya ta mece ce? Ga kibod yana ba ni wuya. Za su iya maido min kuɗina?"

Ƙanwata, sannu da aiki. Kuɗin kam sun tafi. Ƙa'idar Steam, shagon nan na sayar da wasanni a intanet, ita ce a nemi mayarwa cikin kwana 14 da saye, kuma kada lokacin da aka buga ya kai awa 2. Ta shagon Epic ma haka take. Wanda ya gama kashi biyar ya wuce wannan nesa ba kusa ba. A shagon PlayStation abin ya fi tsanani: kwana 14 ne, amma da zarar an fara saukewa dama ta wuce, sai in kayan ne ke da lahani. Shagon GOG ne mai sassauci, tun 2020 yake ba da kwana 30 ko da an buga, sai dai ya tanadi 'yancin ƙin wanda ya ga yana wasa da damar.

Ki lura da abin da ƙa'idar awa biyu ke nufi. Tana kare ki daga wasan da ya ƙi tashi a na'urarki, ko wanda hannunki ya ƙi. Ba ta kare kowa daga ƙarshen labari, don babu labarin kirki da ke ƙarewa a nan. Don haka a gaba, awa biyun farko kar ki ɓata su wajen kallon ado. Ki zagaya ɗaki, ki buɗe ƙofa, ki hau matakala, ki duba ko ana iya sauya maɓallai da girman rubutun ƙasan allo, ki ga ko laftof ɗin na ɗaukar zafi. Abin da ya dame ki a minti talatin na farko zai dame ki a awa ta goma, ƙari ma zai yi. Batun kibod kuma, irin waɗannan wasannin an fi gina su don fad. Na Xbox yana aiki da Windows ba wata wahala, Steam kuma yana karɓar na PlayStation. Ari na wani ki gwada kafin ki saya.

Kan ƙarshen, a nan zan ɗan saɓa miki. Nawa ganin, wannan mai ɗaci ne, ba na algus ba. Tun kashin farko aka nuna wa Max, yarinyar da kike juyawa, guguwar da za ta ci garin Arcadia Bay, kuma kowane kashi yana ƙara nuna cewa duk sa'ad da ta mayar da lokaci baya don ceton ƙawarta Chloe, wani abu na tsagewa a wani wuri. Labarin gaba ɗaya na yarinya ce da ke koyon cewa ba komai ake iya gyarawa ba. In aka kai ta inda dabara ta ƙare, ai can ɗin aka nufa. Laifin kamfanin Dontnod, wanda ya fitar da shi a 2015, yana wani wurin. Sun cika baki da batun tasirin zaɓi fiye da abin da suka gina, sannan ƙarshen biyun ba a yi musu adalci ba: ɗaya an zauna an ƙawata shi, ɗayan gajere ne kamar an gaji. In gajeren kika zaɓa, koma babin ƙarshe ki ga ɗayan.

Kar kuma ki sa rai za a sauya. Sau ɗaya na san ihun masu saye ya motsa babban kamfani a kan ƙarshen labari yadda duniya ta shaida: Mass Effect 3, a watan Maris na 2012. Mutane sun kwashe wasa uku suna zaɓe-zaɓe, aka ƙare musu da zaɓi uku da kusan launin haske kawai ya bambanta su a ido. Hayaniya ta yi yawa har BioWare, kamfanin da ya yi shi, ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni na shekarar. Ko shi ma faɗaɗawa aka yi, ba a rushe ginin ba.

Ƙarshen labari cinikin biri a sama ne, ba yadda za a yi a duba shi ba tare da an ɓata shi ba. Amma ana iya leƙawa ta gefe. A Steam kowane sharhi yana ɗauke da adadin awannin da mai shi ya buga. Ki tsallake masu yabo, ki tsallake masu zagin da suka yi awa ɗaya, ki nemi waɗanda suka yi awa goma ko fiye kuma suka ce ba su ba da shawarar saye ba. Layin farko kawai za ki karanta. In biyar a jere sun fara da zancen ƙarshe, kin samu amsa. In kuma kina da wanda ya gama, kar ki tambaye shi "ya yi daɗi?" Tambaye shi: "Tambayar da aka buɗe labarin da ita, an amsa ta?" Sai ki jira lokacin ragi. Steam na yin manya biyu duk shekara, wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma tsofaffin wasannin labari su ne suka fi faɗuwa. Ƙarshen da bai gamsar ba ya fi sauƙin haɗiya in kwatan kuɗi aka biya.

Ta uku, daga wani magidanci a Maraɗi:

"Yarona mai shekara 13 ya karɓo Heavy Rain wurin abokinsa. Kullum yana cewa in an ce ya girgiza fad ko ya ɗaga shi sama ba ya yi, wai in saya masa sabo. Na kuwa saya masa wannan bai fi wata huɗu ba. Dabarar yara ce ko da gaske ne?"

Ranka ya daɗe Alhaji, mai yiwuwa yaron gaskiya yake faɗa. Fad na asali na PS4 yana da na'urar jin motsi a cikinsa, da ɗan faifan shafawa a tsakiya. Jabun da suka cika kasuwa sukan zo da siffar komai, amma jin motsin ko babu shi ko ba ya aiki daidai. A ƙwallo ba za a taɓa ganewa ba, don ba a buƙatarsa. Wasan da ke cewa a girgiza ko a karkata shi ke tona asiri. Gwajin ba ya cin ko dala: ya ari fad ɗin wani da aka tabbatar na asali ne, ya buga wurin da ke gagararsa. In ya wuce, nasa ne jabu. In za a sake saye, gara na asali na hannu da sabon jabu a kwali mai ƙyalli, kuma a gwada shi a shagon da irin wannan wasan kafin a biya.

Amma Alhaji, ni ba fad ɗin ne ya tsaya min a rai ba. Juya kwalin ka duba kusurwar ƙasa. Alamar PEGI ta Turai, mai nuna shekarun da suka dace a buga wasa, ta sa masa 18. Labarin mai nutsar da yara ne a ruwan sama, akwai tsiraici, akwai wurin da ake tilasta wa uba ya yanke yatsansa, kuma mai riƙe da fad ne ke yankewa. Ba na ɗan shekara 13 ba ne, Detroit ma 18 ne. A mayar wa mai shi. In labari yaron yake so, a nema masa Journey, wanda ya fito a 2012 aka kawo shi PS4 a 2015. Alamarsa 7, babu magana ko ɗaya a cikinsa balle a damu da Turanci ko Faransanci, matafiyi ne a sahara ya nufi wani dutse mai haske. Kamar awa biyu ne, kai ma za ka iya zama ka kalla tare da shi bayan isha'i.

Ta ƙarshe, gajeriya, daga wani mai gyaran waya a Kano:

"An yi ragi a kan The Walking Dead na Telltale. In sayi zangon farko kawai ko in kwashe duka?"

Maigida, zangon farko kawai. Na 2012 ne, kashi biyar, kuma ya tsaya da ƙafarsa: labarin Lee da yarinya Clementine yana da farko, yana da ƙarshe, ƙarshen kuma irin mai ɗacin nan ne da ba wanda zai ce an cuce shi. Sarrafa shi ba wuya, sai ɗan tauri wajen tafiya da saita harbi. Na manya ne, kar a bar wa yara.

Yanzu dai duk zangunan sun kammala, an ma haɗa su a ƙunshi ɗaya a 2019, don haka ba tsoron a bar ka a tsakiya nake yi ba. Waɗanda suka biya kuɗin zangon ƙarshe tun kafin ya fito su ne suka ga tashin hankali: a watan Satumba na 2018 kamfanin Telltale ya sallami kusan duk ma'aikatansa, kashi biyu kawai cikin huɗu suka fito a hannunsa, sai da kamfanin Skybound ya ɗauko wasu daga cikin ma'aikatan aka ƙarasa a 2019. Mu da muka taso da fim mai "mu haɗu a kashi na uku" mun san wannan jiran. Dalilina a nan shi ne, mutane da yawa in sun gama zangon farko sukan ji sun ƙoshi, zangunan tsakiya kuma ba su kai shi ba. In ka gama kana son sanin inda Clementine ta nufa, ragin Disamba na nan zuwa. Sai dai in bambancin kuɗin zango ɗaya da na ƙunshin bai wuce na katin waya ba, to kwashe duka, ka fara daga na farko. Ka tabbata laftof ɗin na da caji kafin ka shiga kashi na biyar, don ni ana tsakiyar maganar ƙarshe aka ɗauke min wuta, sai washegari na ji abin da Lee ya ce.